Tafiya Mount Laurel, garin da ya ce talaka ya tashi

Kogin Delaware ne ya raba birnin Filadelfiya da jihar New Jersey, kuma jirgin ƙasa na PATCO yana haye shi ta kan gadar Benjamin Franklin, wadda aka buɗe a 1926. In ka zauna gefen taga za ka ga dogayen benayen Filadelfiya suna ja da baya, kafin ka ƙoshi da kallo jirgi ya nutsa ƙarƙashin ƙasa, sai ga ka a Camden. A nan na sauka da hantsi cikin watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwan ƙasar yake rinewa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube. Ɗan kawuna ne ya tarye ni da motarsa. Ya daɗe a Amurka yana aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya da ke bayan gari, kuma ya sha gaya mini cewa in Allah Ya kawo ni sai ya kai ni Mount Laurel, don ya san sha'awata ga sha'anin filaye da tsarin gari.

Camden gari ne da ya ga jiya ya ga yau. A nan kamfanin Campbell ya kafa masana'antar miyar gwangwani, a nan RCA Victor ya yi ta ƙera garmaho da rediyo, a bakin kogin nan kuma aka ƙera jiragen ruwa masu yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 mutanen garin sun haura 124,000. Ma'aikatar jiragen ruwa ta rufe a 1967, sauran masana'antu suka bi sahu, masu hali suka kwashe iyalansu zuwa bayan gari, har ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 72,000. Mun ratsa layuka na gidajen jan bulo manne da juna, wannan da labule a taga, na kusa da shi an toshe tagoginsa da katako, na gaba kuma an rushe shi ciyawa ta cinye wurin. Ba zan zalunci garin ba. Akwai babban asibiti, akwai reshen jami'ar Rutgers, an gyara bakin kogi, na kuma ga mata suna share ƙofar gidajensu kamar ko'ina. Amma talauci ya taru a wuri ɗaya har ido ba ya iya kauce masa.

Muka fita ta titin Admiral Wilson muka kama Route 38. Ba mu yi nisa ba duniya ta sake. Ga babbar kasuwar Cherry Hill da aka buɗe a 1961, ga kantuna, ga ofisoshi, ga otal-otal, ga gidaje kowanne tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa da aka aske tas. Ɗan kawuna ya nuna mini da leɓe ya ce, "Yaya, duba da kyau. Aikin duk yana nan, hayar da muke iya biya kuma tana can inda muka baro."

Wanda bai san tsarin jihar ba zai ɗauka kasuwa ce kawai ta raba mutane haka. Da hannun doka a ciki. New Jersey ƙaramar jiha ce, amma an yanka ta gida 564, kowane gari da majalisarsa da ikonsa na tsara filayensa, akasarinsu kuma da makarantunsu. Kuɗin makaranta mafi yawa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, kuma harajin gida a wannan jiha yana cikin mafi tsada a duk Amurka. Saboda haka kowace majalisar gari lissafi ɗaya take yi. Ofis da masana'anta suna biyan haraji ba su tura yaro makaranta. Babban gida mai tsada yana biyan haraji mai kauri. Gidan haya mai ɗaki uku kuwa harajinsa kaɗan ne, 'ya'yan cikinsa da yawa. Sai majalisa ta rubuta cewa a garinta ba a gini sai a fuloti mai faɗi kaza, gida kada ya gaza girma kaza, benen haya kuma babu wurinsa. Ko sau ɗaya ba za ka ga an ambaci talaka ko baƙar fata a takardar ba. Awon fuloti ya wadatar.

Zangonmu na farko a Mount Laurel wani ƙaramin coci ne a titin Elbo Lane, ana ce masa Jacob's Chapel. Farin gini ne marar ado, na shekarun 1860, da maƙabarta a bayansa. A cikinta akwai kaburburan baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙin basasar Amurka, da na Dakta James Still, shahararren mai maganin gargajiya na yankin. Baƙaƙen fata sun zauna a wannan ƙasa tun ƙarshen ƙarni na 17. Manoman wurin mabiya ɗariƙar Quaker ne, waɗanda suka riga wasu 'yanta bayinsu, kuma bayin da suka gudo daga kudu sun riƙa samun mafaka a nan. Jikokinsu suka ci gaba da zama, suna ƙwadago a gonakin tumatir da na 'ya'yan itace. Na tsaya ina karanta sunaye a kan duwatsun kaburbura, wasu rubutun ya goge, ina tunanin cewa zuri'ar waɗannan mutane ce aka wayi gari ana yi wa kallon baƙi.

Abin da ya faru shi ne manyan hanyoyi sun iso. Aka shimfiɗa New Jersey Turnpike, daga baya hanyar 295 ta biyo, ƙauyen manoma ya zama wurin da ma'aikatan Filadelfiya suke sha'awar gina gida. Mutanen garin sun ninka daga kusan 5,000 a 1960 zuwa sama da 11,000 a 1970. Gonaki suka koma unguwanni. Tsofaffin mazauna kuwa, musamman a unguwar Springville, wasunsu a akurkin kaji da aka gyara suke kwana, babu famfo, babu masai na kirki. Hukumar gari ta ɗauki dabarar jira. In gida ya lalace ta ce bai dace a zauna ciki ba, a rushe, mutanen ciki su san inda dare ya yi musu, kuma mafi yawa Camden suke nufa.

A cikin waɗannan mutane akwai wata mata, Ethel Lawrence, malamar renon yara, wadda kakannin kakanninta a garin aka binne su. 'Yarta tana cikin masu kwana a irin waɗancan ɗakuna. Ita da maƙwabtanta suka kafa ƙungiya a ƙarshen shekarun 1960, suka samu alƙawarin tallafi, suka nemi izinin gina gidajen haya 36 kacal. Izinin ne ya gagara, domin dokar garin ba ta san gidan haya ba. A watan Oktoba na 1970 magajin gari, Bill Haines, ya zo wannan cocin da nake tsaye a gabansa ya ba su amsa a gaban jama'a. Abin da ya gaya musu shi ne, in ba za su iya biyan kuɗin zama a garin ba, to sai su tashi.

Ba su tashi ba. Wasu matasan lauyoyi uku na ofishin taimakon shari'a na Camden, Carl Bisgaier da Kenneth Meiser da Peter O'Connor, suka shigar da ƙara a 1971 da sunan reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata da mazauna garin. Ethel Lawrence ta sha wasiƙun zagi da barazana saboda wannan ƙara, ba ta janye ba. Da aka baje dokar garin a gaban kotu sai abubuwa suka fito fili. Kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙasar garin, sama da eka 4,000, an keɓe shi don masana'antu, alhali abin da masana'antu suka taɓa bai wuce eka 100 ba. Sauran filin zama kuma na gidaje ne masu zaman kansu. Inda aka yarda wa manyan kamfanoni su gina benaye, an ƙayyade musu yawan ɗakunan kwana, har aka sa sharaɗin cewa in yaran makaranta da suka fito daga benayen suka wuce wani ɗan adadi, kamfanin ne zai biya kuɗin karatunsu. Wato gari ya rubuta da hannunsa cewa yana son masu kuɗi, ba ya son masu 'ya'ya.

Ranar 24 ga Maris 1975 Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke hukunci ta bakin Mai Shari'a Frederick Hall. Hujjarsa ta burge ni saboda sauƙinta. Ikon tsara filaye na jiha ne, aro ta ba garuruwa, kuma sharaɗin aron shi ne a yi amfani da shi don jin daɗin jama'a baki ɗaya. Jama'a kuwa ba su ƙare a iyakar gari ba. Saboda haka duk garin da yake bunƙasa tilas dokarsa ta buɗe hanya ta gaskiya a gina kasonsa na gidajen da masu ƙaramin samu da masu matsakaicin samu na yankin suke bukata. Kotun ta ce garin da ya keɓe fili don masana'antu dole ya keɓe wurin kwanan masu aiki a cikinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Daga cocin muka zaga cikin gari. Mun wuce Paulsdale, gidan da aka haifi Alice Paul, wadda ta yi gwagwarmayar samar wa matan Amurka 'yancin zaɓe, muka bi ta unguwanni irin su Larchmont da Ramblewood, muka ga rukunin ofisoshi da otal-otal da suka yi cincirindo kusa da mahaɗar Turnpike. Garin yau yana da mutum sama da 44,000. Azahar ta same mu a lambun Laurel Acres, muka yi alwala da ruwan gora muka yi salla a kan ciyawa kusa da tafki, ba wanda ya ko kalle mu sau biyu. A nan ne, muna cin gurasar da muka saya a hanya, ɗan kawuna ya tambaye ni abin da ya sa hukuncin 1975 bai gyara komai nan take ba, tunda kotun ƙoli ce ta yi magana.

Amsar ita ce hukunci ba ya aza bulo. Mount Laurel ta amsa umarnin kotu da keɓe wasu 'yan filaye uku waɗanda ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasarta ba su kai ba, ɗaya ma fadama ce. Sauran garuruwa suka ɗauki lauyoyi da masana suna ta jan lokaci. Shekara takwas aka yi a haka. A watan Janairu na 1983 kotun ta dawo da fushi a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Robert Wilentz, ta ce kowane gari sai an ba shi adadinsa a rubuce, ta ware alƙalai uku su kaɗai su riƙa sauraron irin waɗannan ƙararraki, sannan ta fito da bulalar da har yau garuruwa suke tsoro. In gari ya ƙi cika kasonsa, mai kamfanin gine-gine yana iya kai shi ƙara, kotu ta ba shi izinin gina gidaje masu yawa a filinsa ko majalisar gari ba ta so, muddin ya ware kusan ɗaya cikin biyar ga masu ƙaramin ƙarfi. Dabarar tana da zurfi. Talaka ba shi da kuɗin lauya na shekara goma, ɗan kasuwa mai neman riba yana da shi, sai kotu ta ɗaure kwaɗayin wannan da bukatar wancan.

'Yan siyasa suka yi ca. Gwamnan lokacin, Thomas Kean, ya kwatanta abin da gurguzu. A 1985 majalisar jiha ta yi Dokar Adalcin Gidaje, ta kafa hukumar da aka fi sani da COAH don ta riƙa raba wa garuruwa kasonsu, kuma garin da ya bi tsarinta ya tsira daga bulalar magina. Sai dai an bar wata ƙofa a cikin dokar, kuma ita ce abin da ya fi ɓata mini rai a duk labarin. An yarda gari mai arziki ya biya gari matalauci kuɗi ya karɓe masa har rabin kasonsa. Garuruwa irin su Camden da Trenton da Newark suna cikin matsi, suka riƙa karɓa. Kuɗin ya gyara wasu gidaje, ban musa ba, amma ma'anarsa ita ce mai arziki ya sayi izinin kada talaka ya zama maƙwabcinsa, aka kuma ƙara tara talakawa inda babu aiki. Sai a 2008, zamanin Gwamna Jon Corzine, aka toshe wannan ƙofa.

Da la'asar sakaliya muka isa wurin da na fi ɗokin gani. A gefen titin da ya haɗa Moorestown da Mount Laurel akwai wata kwana, in ba ka san da ita ba sai ka wuce. Unguwar Ethel R. Lawrence Homes ke nan, gidaje 140 a kan fili mai faɗin eka 62. Hukumar tsara garin ba ta amince da ita ba sai a 1997, bayan zaman sauraron jama'a da aka yi ta ihu, mutane suna cewa za a kwaso musu miyagun Camden, darajar gidajensu za ta faɗi, haraji zai hau. Gidaje 100 na farko aka buɗe a shekarar 2000, sauran 40 suka biyo baya. Ethel Lawrence ta rasu a 1994. Daga ranar da magajin gari ya ce su tashi zuwa ranar da iyali na farko ya karɓi makulli, shekara talatin ke nan, kuma matar da ta fara maganar ba ta taka ƙofar ko ɗaya ba.

Mun shiga a hankali muka zaga ba tare da mun damu kowa ba. Gidaje ne masu hawa biyu manne da juna rukuni-rukuni, launinsu da fasalinsu irin na unguwannin da ke kewaye, da ciyawa da bishiyoyi da wurin wasan yara. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta sauke yara, suka watse da jakunkunansu, wasu suka nufi ɗakin da ake taimaka musu da aikin gida. Da gangan aka yi ginin ya saje da na maƙwabta, kuma ina ganin wannan rabin nasarar ne, domin gidan da aka gina shi da siffar gidan talakawa tun daga nesa yake tona asirin mai shi. Masu kula da wurin suna tantance 'yan haya sosai, suna kuma da ma'aikata a cikin unguwar kullum.

Douglas Massey na jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun bi diddigin wannan unguwa, suka fitar da littafi a 2013 mai suna Climbing Mount Laurel. Sun gwada garin da maƙwabtansa masu kama da shi, ba su ga laifuka sun ƙaru ba, ba su ga darajar gidaje ta faɗi ba, ba su ga haraji ya hau saboda unguwar ba. Da yawa daga maƙwabta ma ba su san gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne ba. Sun kuma gwada waɗanda suka samu shiga da waɗanda suka nema ba su samu ba. Na ciki sun fi samun aiki da kuɗin shiga, hankalinsu ya fi kwanciya, 'ya'yansu sun fi zama su yi karatu. Matsala ɗaya da na gani da idona ita ce ta sufuri. Wurin ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba, wanda ba shi da mota zai sha wuya kafin ya kai wurin aiki ko kanti.

Bayan magariba muka koma gidan ɗan kawuna, ciki biyu da falo na haya, shi da matarsa da yaransu. Bayan mun ci tuwon semo da miyar kuɓewa busasshiya, matar ta ɗauko wata jakar takardu ta ajiye a gabana ta ce, "Yaya, tunda abin kake son sani, ga shi nan a rubuce." Takardun neman gida ne da suka cike a garuruwa dabam-dabam, da kwafin dokar wani gari da mijinta ya buga daga intanet. A nan na ga yadda hukuncin alƙalai ya koma ƙa'idojin da kowace majalisar gari take zartarwa, kuma kusan iri ɗaya ne daga gari zuwa gari, domin jiha ce take shimfiɗa ma'aunin.

An raba jihar yanki shida, Camden da Mount Laurel suna yanki ɗaya. A kowane yanki ana jera samun iyalai daga na sama zuwa na ƙasa, a ɗauki na tsakiya ya zama ma'auni, gwargwadon yawan mutanen gida. Iyalin da samunsu bai wuce rabin wannan ma'auni ba su ne masu ƙaramin samu. Daga rabi zuwa kashi 80 su ne masu matsakaicin samu, a cikinsu za ka tarar da ma'aikacin jinya da direban bas da sabon malamin makaranta. Waɗanda ba su wuce kashi 30 ba an ware musu aƙalla kashi 13 na gidajen, don kada a tsallake mafi rauni. Aƙalla rabin gidajen na masu ƙaramin samu ne. Ana yanka haya yadda ba za ta wuce kusan kashi 30 na samun irin iyalin da aka gina gidan dominsu ba. Duk kamfanin da zai gina babban rukuni a filin da dokar ta shafa sai ya ware kashi 15 zuwa 20.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kowace ƙa'ida take toshe wata dabara da aka taɓa yi. An hana gidaje masu ɗaki ɗaya su wuce kashi 20, an wajabta masu ɗaki uku su kai aƙalla kashi 20, saboda an san gari zai so ya cika kasonsa da ɗakunan da ba sa ɗaukar yara. An ƙayyade kason da gari zai iya cikawa da gidajen tsofaffi, saboda dalili ɗaya. An ɗaure wa magini hannu kada ya gama gidajen kasuwa ya sayar ya gudu: kafin ya kammala kashi 90 na gidajen riba sai ya gama na masu ƙaramin ƙarfi duka. Ana rubuta sharaɗin sauƙin farashi a jikin takardar mallakar gidan na tsawon aƙalla shekara 30, ko an sayar da shi sharaɗin yana bin sa. Sabon ginin kasuwanci yana biyan kashi 2.5 na darajarsa cikin asusun gidaje. Sannan ba a yarda gari ya raba gidajen a ɓoye ga 'yan garinsa ba. Sai an yi shela a duk yankin, a tara sunayen masu nema, a jefa ƙuri'a.

Matar ɗan kawuna ba ta ɓoye gajiyarta ba. Ta ce kowane wuri sai ka kai takardar albashi da ta haraji da ta banki, in ƙuri'a ta ba ka lamba mai nisa sai ka yi ta jira, masu ɗaki uku kuma su ne suka fi wuyar samu. In mijinta ya yi aikin ƙarin lokaci da yawa suna fargabar samunsu ya haura iyaka, in ya rage kuma mai gida ya ce ba za su iya biyan haya ba. Wanda ya sayi irin gidan kuma ba zai sayar da shi a farashin kasuwa ba, don haka ba zai tara dukiya da shi kamar maƙwabcinsa ba. Duk gaskiya ne. Masu nema sun ninka gidajen sau da yawa, kuma babban dalili shi ne shekarun da aka ɓata. Daga 1999 zuwa 2015 hukumar COAH ta kasa fitar da ƙa'idojin da kotu za ta amince da su, Gwamna Chris Christie ma ya yi yunƙurin rushe ta. A watan Maris na 2015 Kotun Ƙoli ta karɓe aikin ta mayar wa alƙalai, daga nan garuruwa sama da 300 suka yi sulhu da cibiyar Fair Share Housing Center, wadda Peter O'Connor ya kafa tun 1975, gini ya sake motsawa.

A watan Maris na 2024 Gwamna Phil Murphy ya sa hannu a sabuwar doka da ta rushe COAH gaba ɗaya, ta sa tsarin lissafin kaso a cikin doka, ta ƙara wa'adin sharaɗin sauƙin farashi na sababbin gidajen haya zuwa shekara 40. Lissafin jiha na shekaru goma daga Yulin 2025 zuwa 2035 ya nuna bukatar sababbin gidaje sama da 84,000, da gyaran wasu sama da 65,000. Wasu garuruwa, Montvale a gaba, sun garzaya kotu suna ƙalubalantar dokar. Na saurari hujjarsu da zuciya ɗaya, kuma ba duka ce banza ba. Suna cewa in sai an gina gida 80 na kasuwa kafin a samu 20 masu sauƙi, to hanyoyi da makarantu da magudanan ruwa za su cika, sauran dajin da ya rage ya tafi. Amma doka ba ta tilasta musu wannan hanya ita kaɗai ba. Gari yana iya ba da filinsa a gina rukunin da duka na masu ƙaramin ƙarfi ne, yana iya mayar da matattun kasuwanni da ofisoshin da ba kowa gidajen zama, kuma garin da ya yi shirinsa a kan lokaci magini ba shi da ikon kai shi ƙara. Wanda bulala ta taɓa, akasari wanda ya ƙi yin komai ne. A ganina garin da yake son a kula da tsofaffinsa, a share ofisoshinsa, a tuƙa motar makarantar 'ya'yansa, ba shi da hujjar cewa masu yin wannan aiki su kwana a wani gari.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Masaka da Mararaba da Nyanya zuwa cikin Abuja da asuba ya san wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce. Masu gadi da ma'aikatan jinya da masinjoji da malaman makaranta suna ƙarar da albashinsu da lafiyarsu a kan titi, saboda birnin da suke yi wa aiki bai tanadar musu wurin kwana ba. Ba na cewa a kwaso dokar New Jersey a dasa. Mai shago a Kantin Kwari ba shi da takardar albashin da za a auna samunsa da ita, kuma majalisun ƙananan hukumominmu ba su da ikon da nasu suke da shi. Sai dai a wani gefen hanyarmu ta fi tasu gajarta, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ba sai an bi gari 564 ɗaya bayan ɗaya ba.

Kirana ga gwamnoni da 'yan majalisun jihohi da hukumomin tsara birane shi ne, duk kamfanin da za a ba fili ya gina rukunin gidaje a Abuja ko Kano ko Kaduna, a rubuta masa kason masu ƙaramin ƙarfi da lamba a jikin takardar filin, a hana shi sayar da na riba kafin ya gama su, a ɗaure farashinsu na shekaru, a raba su ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, kuma a ba mai nema ikon zuwa kotu in an saɓa. Filayen bakin gari da ake yankawa a bana su ne unguwannin da 'ya'yanmu za su nemi haya a cikinsu, don haka a sa sharaɗin tun kafin a aza tubali.